Sarauniya Mangu: Matar da ta tare wa Turawa hanya a Lugu

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram ya san Dogon Dutsi. Garin yana jihar Dosso, kimanin kilomita 270 daga babban birnin Nijar, kuma a nan direbobi da yawa kan tsaya a ci abinci, a yi salla, kafin a nufi Birnin Ƙonni.

Amma ba kowane fasinja ne ya san cewa wannan titi na kwalta ya gaji wata tsohuwar hanya da aka taka da ƙafa ba. A shekarar 1899 wani ayarin sojojin Faransa ya ratsa wannan ƙasa daga bakin kogin Kwara zuwa kusa da Tasawa, yana ƙona garuruwa yana kashe mutane. Cikin waɗanda suka ƙi ba shi hanya akwai wata dattijuwa a ƙauyen Lugu, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, a ƙaramar hukumar Ɗankasari ta yanzu. Ita ce Sarauniya Mangu.

Abin mamaki a tarihinta shi ne, sarautar da take riƙe da ita ta hana ta tafiye-tafiye. Duk da haka sunanta ya ɗaure da tarihin hanya mafi muhimmanci a Nijar.

Tafiyar farko: daga Daura zuwa Lugu

Sarauniya suna ne na sarauta, Mangu kuma ɗaya ce daga cikin jerin matan da suka riƙe ta. Tarihin baka na ƙasar Arewa ya ce wadda ta fara, ana kiranta 'Yar Ƙasa, ta taso ne daga Daura tare da jama'arta, suka yi ta tafiya yamma a ƙafa. Jagoransu a wannan tafiya wani dutse ne da ake kira Tunguma. Inda dutsen ya tsaya, nan suka sauke kaya, suka sari daji, suka kafa Lugu.

Zuriyar waɗannan mutane su ake kira Gubawa, kuma su ne ake ɗauka a matsayin masu ƙasa. Ba da nisa da Lugu ba akwai Bagaji, mazaunin Baura, wanda shi ma babban mai riƙe da al'adar gargajiya ne.

Daga baya wani gida ya zo da sarautar mulki. Labarin ya ce wani ɗan sarki daga Barno ya auri 'yar masu ƙasa, kuma daga zuriyarsu aka sami sarakunan da ke riƙe da sarautar Sarkin Arewa, waɗanda suka daɗe da zama a Matankari. Zabarmawa na kiran mutanen wannan yanki Mawri, shi ya sa ake ganin sunan a taswira.

Da haka iko ya rabu biyu a Arewa. Sarakuna na da doki da yaƙi da haraji. Lugu da Bagaji na da ƙasa da iskokinta, da roƙon ruwa, da shari'ar da ta gagari fada. Wanda aka zarga da sata ko maita ko cin amana, akan kai maganarsa gaban Tunguma, a yi wa dutsen tambaya, a karanta amsa daga motsinsa. Mutane kan yi tafiyar kwanaki domin wannan shari'a.

Yadda mace ke zama Sarauniya

Ba a neman wannan sarauta, ba a kuma gadonta kai tsaye daga uwa zuwa 'ya. Idan Sarauniya ta rasu, maza kan ɗauki gawarta a kan makara, a tara matan zuriyar da ke da haƙƙi, a zagaya da ita. Matar da makarar ta nufa ta tsaya a kanta, ita ce magajiya. Wannan al'ada ana kiranta tarkama, kuma ta wannan hanya ce ake naɗa matan Lugu.

Daga ranar da aka zaɓe ta, rayuwar mace ta canja ke nan. Za ta bar gidan da take, ko da a wani gari take aure, ta koma bukkar Sarauniya. Tufarta fara ce, aikin hannunta kaɗin auduga, kuma ba ta yawon kasuwa ko biki. Masu neman magani, da masu neman haihuwa, da manoman da damina ta yi musu gardama, su ke zuwa wurinta.

Haka Mangu ta rayu a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Ƙarfinta yana cikin yardar da Azna, wato masu bin addinin gargajiya na yankin, suka yi cewa ita ce mai tsaron ƙasa, kuma muddin tana zaune a Lugu ba abin da zai ci garin.

Kwarin da kowa ke bi

Ƙasar Arewa tana kan wani dogon kwari da ake kira Dallol Mawri, tsohon gadon kogi ne da ya gangaro daga arewa ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi da Kore Mairuwa da Tibiri da Gesheme, ya nufi Kwara a wajen Gaya. A cikin kwarin ruwa yana kusa, rijiya ba ta da zurfi. Da an hau tudu kuwa, sai a yi tafiya mai nisa ba a ga rijiya ba.

Saboda haka duk mai tafiya a wannan yanki, kwarin yake bi. Fatake da jakunansu, masu ɗauko gishirin Foga daga kudu, makiyaya masu hawa da sauka da shanu, da mayaƙa, duk hanyarsu ɗaya. Wanda ya riƙe rijiyoyin kwarin, shi ya riƙe hanya.

Zamanin Mangu zamanin yaƙi ne. Tun daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi a Argungu, Arewa ta shiga ƙawance da Kabawa da Zabarmawan Dosso da mutanen Dandi domin kauce wa ikon Gwandu. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, amma hare-hare sun dawo bayan wasu shekaru. Daga arewa kuma Buzaye kan kawo farmaki. A kudancin Arewa gidan Samna na Tibiri ya yi suna wajen yaƙi a wannan zamani.

Mutanen da suka tashi cikin irin wannan hali sun san yadda ake kare kai. Suna da baka da kibiya mai dafi, suna kuma da kurmi mai sarƙaƙiya kusa da gari, inda ake shigar da mata da yara idan abokan gaba sun fi ƙarfi, maharba su tsaya a bakinsa. Doki ba ya iya shiga irin wannan wuri.

Layin da aka ja daga nesa

A daidai wannan lokaci, a Turai ana raba ƙasar a kan takarda. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi: kudu na Ingila, arewa na Faransa. Faransa ta aiko Kyaftin Monteil ya duba abin da ta samu. Ya ratsa Dosso da Dallol Mawri da Argungu, ya isa Sakkwato a 1891, ya wuce Kano da Kukawa.

A farkon 1898 wani jami'in, Kyaftin Cazemajou, ya biyo ta Arewa ya wuce gabas. Tafiyarsa ta ƙare a Damagaram, inda aka kashe shi a watan Mayun shekarar, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga.

Ranar 14 ga Yunin 1898 ƙasashen biyu suka sake zama a Paris suka gyara iyakar. A wannan karo iyaka ta biyo tsakiyar Dallol Mawri, sannan aka kafa tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160. Duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Lugu da Birnin Ƙonni sun faɗa ciki, ba tare da kowa a garuruwan ya sani ba.

Wannan zane shi ne tushen masifar da ta biyo baya. Faransa na son haɗa ƙasashen da ta kama a yamma da tafkin Chadi, amma abin da aka bar mata a bayan bakan ƙasa ce mai ƙarancin rijiyoyi. Hanya mai ruwa da hatsi tana ɓangaren Ingila.

Ayarin Voulet da Chanoine

Waɗanda aka ba aikin buɗe hanyar zuwa Chadi su ne Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Su biyun ne suka ci Wagadugu da yaƙi a 1896, kuma tun a can aka san su da rashin imani. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe muƙamin ministan yaƙin Faransa na ɗan lokaci a 1898.

Voulet ya biyo kogi ta Tumbutu, Chanoine ya ratso ƙasar Mosi yana kama mutane domin dako. Suka haɗu a Sansane Hausa, arewa da Yamai, a farkon Janairun 1899. Turawan su tara ne kacal. Sauran duk 'yan Afirka ne: sojoji ɗaruruwa da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, masu dako kimanin 800, da mata da tafintoci da masu kiwon dabbobi. Jimillarsu ta kusan kai mutum 2,000, suna jan igwa ɗaya.

Gwamnatin Faransa ba ta ba su guzurin da zai ishe su ba. Ma'anar haka ita ce, duk garin da suka sauka shi zai ciyar da su, ya shayar da su, ya ba su sababbin masu dako a madadin waɗanda suka mutu ko suka gudu. Garin da ya yi gardama, wuta ce rabonsa. Tun a Sansane Hausa suka kashe mutum 101, maza da mata da yara.

Daga nan suka gangara ta gefen kogi, sannan suka juya suka shiga Dallol Mawri daga kudu. Suka ƙona Junju, suka bi kwarin ta ƙasar da yau take cikin gundumar Tibiri, har suka sauka Matankari. Labarinsu ya riga su isowa. Garuruwa da dama sun watse kafin su iso, wasu sarakuna kuma suka zaɓi su ba da abin da aka nema domin su tsira da jama'arsu.

A Arewa matsalar ruwa ta tsaya wa Voulet a wuya. Bazara ta yi tsanani, ga dubban bakuna na mutane da dabbobi. Zagaye bakan Sakkwato ta arewa, kamar yadda yarjejeniya ta tanada, zai iya hallaka ayarin da ƙishirwa. Sai ya yanke shawarar ratsawa gabas kai tsaye ta cikin rabon Ingila. Lugu tana kan wannan hanya.

Ranar 16 ga Afrilun 1899

Mangu ta ƙi tashi, ta kuma ƙi miƙa wuya. Laftanar Paul Joalland, mai kula da igwar ayarin, ya rubuta a littafin da ya fitar bayan shekaru cewa wata tsohuwa, wadda ya kira matsafiya, ta aiko musu da saƙon cin fuska tana cewa za ta tare musu hanya. Wannan ɗan bayani na abokin gaba yana cikin shaidu mafi tsufa da aka rubuta a kanta.

Azna daga ƙauyukan kewaye suka taru a Lugu da maƙwabciyarta Tungana, saboda sun yarda da alkawarin Sarauniya cewa baƙin ba za su wuce ba. Voulet ya bar yawancin ayarin a baya, ya taho da zaɓaɓɓun sojoji.

Da safiyar 16 ga Afrilu aka gwabza. Sojojin suka jeru suna sakin harsashi a tare, abin da maharban Arewa ba su taɓa gani ba. Da wuta ta yi yawa sai mutanen Lugu suka ja da baya zuwa cikin kurmi, kamar yadda suka saba yi wa mahaya dawaki. A nan faɗan ya canja. Bindiga ba ta ganin wanda take harbi, kibiya kuwa tana fitowa daga cikin ƙaya. Sojojin suka sa wa kurmin wuta, amma an daɗe ana fafatawa kafin wurin ya faɗa hannunsu.

Lissafin da Faransawan suka rubuta da kansu ya nuna an kashe musu mutum huɗu, an raunata shida, sun kuma harba harsashi kimanin 7,000. Tun da suka baro bakin kogi ba su taɓa yin asara irin wannan a wuri ɗaya ba. Ga ayarin da ba shi da hanyar samun sabon harsashi, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Asarar mutanen Lugu ta ninka haka nesa ba kusa ba. An kashe mayaƙa da yawa, an ƙona garin, jama'a sun watse cikin daji. Amma ba a kama Sarauniya ba, Tunguma ma bai shiga hannun baƙi ba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: Lugu ba ta ci yaƙin ba, ayarin kuma ya wuce. Abin da Mangu ta yi shi ne ta nuna cewa ana iya tsayawa, a lokacin da garuruwan da suka fi nata girma da dawaki suka ga ba su da zaɓi.

Ƙarshen ayarin

Daga Lugu suka nufi gabas. A farkon watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da ya fi kowanne muni a tafiyar, inda dubban mutane suka hallaka. Suka ci gaba ta ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi.

Kafin nan labari ya isa Paris. Wani jami'i da Voulet ya kora daga ayarin, Laftanar Peteau, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana ba da labarin abin da ya gani, wasiƙar kuma ta kai hannun hukuma. A cikin watan Afrilun da aka yi yaƙin Lugu aka umarci Laftanar Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagorancin.

Klobb shi ne mutum na farko da ya bi wannan hanya daga farko domin ya ga abin da aka yi. Bai buƙaci ɗan jagora ba, saboda toka da gawarwaki da rijiyoyin da aka cika da mutane su suka nuna masa hanya. A Koran Kalgo ya tarar da 'yan mata ƙanana biyu a rataye a reshen itace. Abin da ya rubuta a littafin tafiyarsa shi ne babbar hujjar da masana tarihi ke dogara da ita har yau.

Ranar 14 ga Yulin 1899 ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan ya shaida wa sauran Turawan cewa ya fita daga Faransa, zai kafa daularsa da sojojinsa. Sojojin ba su yarda ba. Suka kashe Chanoine ranar 16 ga Yuli, suka kashe Voulet washegari, a Mai Jirgi. Wata uku ke nan cif bayan yaƙin Lugu.

A Arewa mutane da yawa sun danganta wannan ƙarshe da bakin Sarauniya. Sauran ayarin kuwa bai tsaya ba: ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, wani ɓangare ya kai tafkin Chadi, ya kuma shiga yaƙin Kusiri na ranar 22 ga Afrilun 1900 inda aka kashe Rabeh. Faransa ta yi tir da mutanen biyu, amma ta riƙe duk ƙasar da suka ratsa.

Mangu ta koma Lugu bayan ƙura ta lafa, jama'a suka sake ɗaura bukkoki. A nan ta ƙare rayuwarta. Wata ruwaya da ake yawan bayarwa ta ce ta kulle kanta a ɗaki saboda baƙin cikin abin da ya sami mutanenta, daga baya ta rikiɗa ta zama damisa ta shiga daji. Sarautar ba ta mutu da ita ba, an ci gaba da naɗa mata a Lugu ta hanyar tarkama.

Yadda sawun ayari ya zama titi

Bayan sun kama Damagaram, Faransawa sun rasa yadda za su riƙa kai mata kaya. Dole ayarinsu ya zagaya ta Filinge da Tawa domin kauce wa bakan Sakkwato, hanyar da ke cin raƙuma da mutane saboda ƙarancin ruwa. Suka matsa wa Ingila a sake duba iyaka.

Dama ta samu a yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904, wadda ta sasanta rigingimun ƙasashen biyu a sassan duniya. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da take da shi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar Newfoundland, tsibirin da yau yake cikin Kanada. Cikin abin da aka ba ta a madadi akwai matso da iyakar nan kudu, domin ta sami hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram. Aka ƙarasa maganar a wata yarjejeniya ta 29 ga Mayun 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho da takwarorinta na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908.

Ta haka Matankari da Lugu da Ƙonni da Maraɗi suka zama ɓangaren Nijar maimakon Najeriya. Matashin Arewa da ke nuna fasfo a kan iyaka idan zai je wurin danginsa a Argungu ko Sakkwato, wannan ciniki ne ya raba su.

Sabuwar hanyar ta sauya girman garuruwa. Turawa suka kafa bariki a Dogon Dutsi, wanda a da ƙaramin gari ne, kujerar Sarkin Arewa ma ta koma can daga Matankari. Aka share hanyar mota da aikin tilas, wanda ba a soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai a 1946. Da aka mayar da hedikwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, hanyar ta zama igiyar da ta ɗaure gabas da yamma.

Ita ce yau babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Daga Yamai zuwa Dogon Dutsi ta yanke ta Dosso, ba ta bi zagayen da Voulet ya yi ta bakin kogi ba. Daga Arewa zuwa Ƙonni da Tasawa kuwa, kusan sawunsa take bi. Lugu dai titin ya kauce mata. Garin da a da ake tafiyar kwanaki domin a zo shari'a gabansa ya koma ƙaramin ƙauye, yawancin zuriyarsa sun bazu wasu garuruwa, kuma Musulunci ya mamaye yankin da a da cibiyar Azna ne.

Mangu ta littafi da Mangu ta Lugu

Shekaru da dama sunanta bai wuce Arewa ba. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdoulaye Mamani, marubuci kuma ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, wanda ya yi zaman gudun hijira ya kuma sha ɗauri. A 1980 ya wallafa ƙagaggen labari da Faransanci mai suna Sarraounia. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986. An ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan FESPACO na Wagadugu a 1987. Mamani kansa ya rasu a haɗarin mota a 1993, a kan wannan hanya ta Damagaram zuwa Yamai.

Sarauniyar da yawancin matasa suka sani ita ce ta fim: budurwa mai ƙarfi, mai harbi da baka, mai fada da ganuwa, wadda ta kori Turawa. Marubuci yana da 'yancin ƙaga abin da yake so, kuma Mamani ya yi haka ne domin ya ba 'yan Afirka jaruma a lokacin da littattafan makaranta ke cike da sunayen Turawa. Masu bincike irin su Elara Bertho sun kwatanta littafin da takardun Faransa da kuma abin da dattawan Lugu ke faɗa, suka nuna inda suka rabu.

Ta Lugu dattijuwa ce mai zaman ɗaki, makaminta yardar jama'a. Sanin haka bai rage mata daraja ba. Wadda ke da runduna da ganuwa, tsayawarta ba abin mamaki ba ne. Wadda ba ta da ko ɗaya, ta ji abin da aka yi wa Sansane Hausa da Junju, ta kuma zauna inda take, tata tsayawar ta fi wuya.

Yau akwai gidan rediyo da talabijin mai sunan Saraounia a Yamai. A 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Gwamnatin sojan da ta karɓi mulki a 2023 ta ƙirƙiro lambar yabo ta ƙasa mai ɗauke da sunan Sarauniya Mangu.

Masu bin sawu

A wasu ƙasashe, irin wannan hanya akan mayar da ita tafarkin da mutane ke bi da ƙafa domin tunawa. A Amurka an yi wa hanyar da aka kori ƙabilar Cherokee a kanta a 1838 alamomi, hukuma na kula da ita. A Sifaniya dubban mutane na taka tsohuwar hanyar Santiago duk shekara, ƙauyukan da ke kanta na cin abinci da baƙin.

Hanyar 1899 ma ta sami masu binta. A fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda Rob Lemkin ya shirya, matashi Femi Nylander, ɗan Birtaniya mai asali da Najeriya, ya bi garuruwan da ayarin ya ratsa yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa. Abin da fim ɗin ya nuna shi ne ba a manta ba: a gari bayan gari akwai masu iya nuna inda aka yi kisa da inda aka binne mutane.

Wasu daga cikin al'ummomin sun kai kuka gaban Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifi, ta buɗe takardunta, ta biya diyya. A 2025 Faransa ta amsa cewa a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta ɗauki alhakin kisan ba.

Wannan magana ba za ta yi ƙarfi ba sai da shaida, shaidar kuma tana bakin tsofaffin Junju da Tibiri da Matankari da Lugu da Ƙonni, waɗanda suka ji daga kakanninsu. Kullum raguwa suke yi. Matsalar tsaro a kan iyakar Nijar da Najeriya ta sa baƙi daga nesa ba sa iya yawo a yankin yadda suke so, don haka aikin ya koma kan 'ya'yan ƙasar. Ɗan Arewa da ke Yamai ko Legas ko Kwatano ko Paris, idan ya je gida hutu, wayar da ke aljihunsa ta isa ta naɗi muryar kakarsa tana faɗin sunan rijiyar da aka gudu aka bari, da kurmin da aka ɓuya, da wanda bai dawo ba. Daga irin waɗannan sunaye ne za a iya zana taswirar hanyar kamar yadda mutanen da aka taka suka san ta, tun da taswirar da ake da ita yanzu waɗanda suka taka su ne suka zana.